Ƙagaggen Labari ko Ƙage: Nazarin Ra'ayoyin Masu Karatu a kan Littattafan Philippa Gregory

Gabatarwa

Tun daga shekarar 1814 da Walter Scott ya wallafa littafinsa mai suna Waverley, wanda manazarta adabin Turai da dama suka ɗauka shi ne mafarin ƙagaggen labarin tarihi na zamani, ba a daina gardama ba a kan iyakar ikon da marubuci yake da shi bisa mutanen da suka taɓa zama a duniya. Alessandro Manzoni na ƙasar Italiya, wanda shi kansa da irin wannan rubutu ya yi suna, ya fitar da wata doguwar maƙala a shekarar 1850 inda ya nuna cewa wannan nau'i na adabi yana da wata ɓaraka wadda ba ta ɗinkuwa. A ganinsa, mai karatu yakan so ya san abin da ya auku da gaske da abin da aka ƙago. Idan marubuci ya tsaya yana rarrabe masa, labari ya watse. Idan kuwa ya ƙi rarrabewa, ya bar shi cikin duhu.

Wannan tsohuwar gardama ce ta sake tasowa game da ayyukan Philippa Gregory, marubuciya 'yar Ingila wadda ta shahara wajen ƙago labarai a kan rayuwar matan gidajen sarautar ƙasarta na ƙarni na 15 da na 16. Masu karanta littattafanta sun kasu gida biyu, kowane gida kuma yana ji da hujjarsa. Manufar wannan maƙala ita ce a auna hujjojin nan da abin da ke cikin littattafan, da kuma abin da takardun tarihi suka tabbatar. Za a yi ƙoƙarin nuna cewa duka gidajen biyu sun tsaya ne a kan tambayar ko marubuciyar tana da ikon ƙago abin da babu shi a tarihi, alhali kuwa akwai tambayar da ta fi wannan nauyi, wato daga bakin wa ta ɗauko abin da ta cike gurbi da shi. A Hausa kalmar ƙagagge da kalmar ƙage tushensu ɗaya ne, kuma wannan kusanci nasu zai yi mana amfani a nan gaba.

Marubuciyar da ayyukanta

An haifi Philippa Gregory a Nairobi ta ƙasar Kenya a shekarar 1954, ta girma a birnin Bristol na Ingila. Ta karanta tarihi a Jami'ar Sussex, sannan ta yi digirin dakta a Jami'ar Edinburgh a kan ƙagaggun labaran da ɗakunan ba da hayar littattafai suke yaɗawa a ƙarni na 18. Ke nan tun kafin ta fara ƙaga nata labarin ta riga ta yi nazarin abin da gama-garin masu karatu suke so. Littafinta na farko, Wideacre, ya fito a 1987, amma wanda ya fito da sunanta duniya shi ne The Other Boleyn Girl na shekarar 2001, wanda ke ba da labarin Mary Boleyn, 'yar'uwar Anne Boleyn matar Sarki Henry na Takwas. Gidan talabijin na BBC ya mai da shi wasa a 2003, aka kuma yi babban fim da shi a 2008. Daga nan ta bi sauran matan wannan sarki, sannan ta koma baya zuwa yaƙin basasar da aka yi tsakanin gidan York da gidan Lancaster, ta rubuta The White Queen a 2009, da The Red Queen a 2010, da The Lady of the Rivers a 2011, da The White Princess a 2013, da wasunsu.

Ta fuskar zubi, akasarin littattafan mace ce take ba da labari da bakinta. Georg Lukács ya lura tun 1937 cewa Scott ba ya sa sarki ko babban jarumi ya zama tauraron labarinsa, sai dai wani matsakaicin mutum wanda manyan al'amura suka rutsa da shi. Gregory ta ari wannan dabara, sai dai matsakaicin nata mace ce mai hidima a ɗakin sarauniya, ko kuwa sarauniyar da kanta a sa'ad da ba ta da iko da komai sai cikin da take ɗauke da shi.

Gida biyu na masu karatu

Masu yabo suna cewa tarihin da aka koya musu a makaranta na sarakuna ne da yaƙe-yaƙe da dokoki, matan Henry shida kuwa abin da ake haddacewa game da su bai wuce yadda kowace ta ƙare ba, wadda aka saki da wadda aka yanke wa kai da wadda ta mutu. A wurin Gregory suka fara ganin waɗannan mata suna tunani, suna jin tsoro, suna ƙulla dabara. Suna kuma yaba yadda take nuna aure a matsayin cinikin iyaye maza, da yadda ran sarauniya yake rataye ga haihuwar ɗa namiji. Wannan yabo yana da tushe. Kafin 2001 ba kowa ya san Mary Boleyn ba in ban da masana wannan zamani, amma bayan littafin sai ga cikakken tarihin rayuwarta daga Josephine Wilkinson a 2009, da wani daga Alison Weir a 2011. Da wuya a ce masu ɗab'i za su karɓi waɗannan ayyuka da sauƙi ba don kasuwar da ƙagaggen labarin ya buɗe ba. Wannan alheri ne da masanin tarihi mai adalci ba zai yi musunsa ba.

Masu suka kuwa iri biyu ne, kuma ya kamata a raba su. Akwai masu yi wa aikin gaba ɗaya kallon raini. Masanin tarihi David Starkey ya taɓa kwatanta littattafan da na soyayya irin na kamfanin Mills and Boon, yana nufin ba abin da mai hankali zai ɓata lokaci a kansu ba ne. Irin wannan suka ba baƙuwa ba ce ga manazarta adabin Hausa, domin mun ga yadda aka yi wa littattafan soyayya na Kano, waɗanda mata ne da yawa daga cikin marubutansu da masu karanta su, kuɗin goro a muhawarar da aka yi cikin shekarun 1990. A ganina wannan suka ba ta kai ga littafi ba, a kan masu karanta shi ta tsaya, saboda haka ba za mu daɗe a kanta ba. Iri na biyu su ne masu riƙe da littafin tarihi a hannu ɗaya, ƙagaggen labarin a ɗaya hannun, suna ƙirga kurakurai. Waɗannan sun fi cancanta a saurare su, ko da yake su ma sukan haɗa ƙaramin kuskure da babba su yi musu farashi ɗaya.

Amsar da masu yabo suka saba bayarwa ita ce, ai labari ne kawai, kuma Shakespeare ma ya yi wa tarihi yadda ya ga dama. Amma misalin Shakespeare a kansu yake komawa. Fiye da shekara 400 mutane suna ganin Sarki Richard na Uku da idon wasan kwaikwayon da ya yi a kansa, da shanyayyen hannu da sauran nakasa, sai da aka tono ƙasusuwansa a birnin Leicester a 2012 aka ga lalle ƙashin bayansa a karkace yake, amma hannuwansa lafiya lau. Labari mai daɗi ya fi takardar tarihi nisan tafiya, shi ya sa ba a iya sallamar maganar da cewa labari ne kawai.

Anne da Mary Boleyn

The Other Boleyn Girl ya buɗe da yanke kan wani babban basarake a 1521, ya rufe da yanke kan Anne a watan Mayu na 1536, kuma Mary ce take ba da labarin duka. An nuna ta ita ce ƙanwa, yarinya mai sauƙin kai wadda danginta suka tura gadon sarki don su sami matsayi, ta haifa masa 'ya'ya biyu, sannan yayarta Anne ta ƙwace mata shi. Masu ƙirga kurakurai sukan fara da batun shekaru. Yawancin masana tarihi sun tafi a kan cewa Mary ce babba, kuma daga cikin hujjojinsu akwai takardar da jikanta ya rubuta a 1597 yana neman sarautar Ormond bisa dalilin cewa kakarsa ce babbar 'ya. Haka kuma ba a tabbatar cewa 'ya'yanta biyu na sarki ne ba, domin tana da miji, William Carey, tun 1520. To, amma waɗannan ba su dame ni sosai ba. Cewa sarki ya neme ta tabbas ne, tun da shi da kansa ya roƙi izinin Paparoma ya auri matar da ya taɓa sanin 'yar'uwarta. Abin da ya rage gurbi ne, marubuciya kuma tana da ikon cike shi.

Inda magana take shi ne yadda aka siffanta Anne. A cikin littafin mace ce marar tausayi wadda ba ta san komai ba sai buri. An nuna alamar tana da hannu a yunƙurin ba Bishof Fisher guba a 1531. Riƙon ɗan Mary da aka ba ta bayan rasuwar Carey a 1528, wanda a al'adar fadar lokacin hanya ce ta ɗaukar nauyin maraya, an mai da shi ƙwacen ɗa. Mafi muni, labarin ya karkata da mai karatu ga yarda cewa ta kwana da ɗan'uwanta George, uwa ɗaya uba ɗaya, don ta sami ciki, kuma ta yi ɓarin wani abu mai mummunar halitta.

Ya kamata mu tambaya daga ina wannan ya fito. Anne ta yi ɓari a ƙarshen watan Janairu na 1536. Eustace Chapuys, jakadan Sarkin Daular Rum Charles na Biyar, wanda babban maƙiyinta ne kuma yana da masu kai masa labari a cikin fada, ya rubuta cewa abin da ta ɓarar ya yi kama da ɗa namiji na wajen wata uku da rabi. Bai ambaci nakasa ba, alhali kuwa da akwai da shi ne zai fara shelanta ta. Batun gudan tsoka marar siffa daga Nicholas Sander ya fito, wani malamin Katolika mai gudun hijira wanda yana ƙaramin yaro sa'ad da abin ya faru, aka kuma buga littafinsa a 1585, shekara 49 bayan mutuwar Anne. Manufarsa a fili take, wato ya ɓata Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta hanyar ɓata uwarta. Shi ne kuma ya yaɗa cewa Anne tana da yatsa shida. A 1989 Retha Warnicke ta gina wani hasashe a kan nakasar abin da aka ɓarar, tana ganin ita ce ta sa sarki ya juya wa Anne baya, amma sauran masana ba su bi ta ba. Gregory ta ambaci littafin Warnicke a bayaninta na ƙarshe a matsayin madogara, ita kuwa Warnicke ta nisanta kanta daga ƙagaggen labarin. Abin lura shi ne Warnicke ba ta ce Anne ta aikata abin da aka tuhume ta da shi ba.

Game da tuhumar kanta, Eric Ives, wanda littafinsa na 1986 da sabuntawarsa ta 2004 su ne madogarar masu nazarin Anne, ya bi ranaku da wuraren da takardar tuhuma ta ambata ya nuna cewa a akasarinsu ko dai Anne ko mutumin da ake zarginta da shi ba ya wurin. Daga cikin maza biyar da aka kashe, mawaƙin fada Mark Smeaton kaɗai ya amsa laifi. Adalci ya sa a faɗa cewa G. W. Bernard ya fitar da littafi a 2010 yana ganin mai yiwuwa ne ta aikata wani abu daga ciki, sai dai ra'ayinsa na tsiraru ne.

Yanzu mu komo kan Mary. Ita ma akwai jita-jita a kanta. Ta je Faransa a 1514 cikin ayarin ƙanwar Henry wadda aka kai wa Sarki Louis na Goma Sha Biyu, kuma a 1536 wani wakilin Paparoma a can ya rubuta cewa Sarki Francis na Ɗaya ya san ta da lalata. Wannan ma daga bakin maƙiyan gidan Boleyn ya fito, kuma masana suna shakkarsa. Gregory ta yi watsi da shi, ta ba mu Mary tsarkakakkiya, kuma ta yi daidai da ta ƙi dogara da maganar maƙiyi. Amma ma'aunin da ta auna wa Mary da shi ba ta auna wa Anne da shi ba. Jita-jita iri ɗaya ce, daga ɓangare ɗaya, aka wanke ƙanwa daga gare ta aka shafa wa yaya. Wannan zaɓi ne na mai tsara labari wadda take bukatar fari da baƙi, kuma a nan ne ƙagaggen labari ya gangara ya zama ƙage.

Akwai kuma abin da aka bari a waje. Anne ta tarihi mace ce mai karatu, mai goyon bayan masu neman gyaran addini, wadda ake ba da labarin ita ta miƙa wa sarki littafin William Tyndale a kan biyayyar Kirista. A watan Afrilu na 1536 limaminta John Skip ya yi huɗuba a gaban fada a kan labarin Hamana da Esta, wadda masana da dama suka fassara da cewa hannunka-mai-sanda ne ga Thomas Cromwell a kan inda dukiyar gidajen ruhubanawa za ta tafi, baitulmalin sarki ko kuwa ilimi da taimakon matalauta. Wata guda bayan haka aka kama ta. Marubuciyar da take cewa ta zo ne ta maido wa mata matsayinsu a tarihi, ga mace mai ra'ayin siyasa da addini a gabanta, sai ta ba mu kishiya. Susan Bordo ta yi dogon bayani a kan wannan a littafinta The Creation of Anne Boleyn na 2013, inda ta bi yadda kowane zamani yake sassaƙa tasa Anne.

Sihiri da la'ana

Wannan hali bai tsaya ga littafi ɗaya ba. A The White Queen da The Lady of the Rivers, Elizabeth Woodville matar Sarki Edward na Huɗu da mahaifiyarta Jacquetta sun gaji wata baiwa daga Melusina, aljanar ruwa da gidan Luxembourg suke danganta asalinsu gare ta. Suna ganin gaibu, suna kiran guguwa a kan jirgin maƙiyi, suna ta da hazo a ranar yaƙin Barnet na 1471. Masu yabo da yawa suna son wannan, suna ganin ya ba matan ƙarfi a duniyar da maza suka riƙe takobi. Masu suka kuwa suna cewa ya mai da tarihi tatsuniya.

Abin da ɓangarorin biyu ba su cika tsayawa a kai ba shi ne cewa sihirin nan tuhuma ce ta gaske wadda aka yi wa matan nan don a hallaka su. A 1469, lokacin da Edward yake tsare a hannun Warwick, wani mai suna Thomas Wake ya kawo wani ɗan gunki na dalma ya ce Jacquetta ce ta yi shi don tsafi. Majalisar sarki ta wanke ta a farkon 1470. A 1484 dokar da ta tabbatar wa Richard na Uku sarauta ta sake ta da maganar, ta ce da sihiri aka ƙulla auren Elizabeth da Edward, ba tare da kawo wata shaida ba. Gregory ta san wannan sarai, domin a The Lady of the Rivers ta nuna yadda aka yi wa Joan ta Arc da Eleanor Cobham, wato ta fahimci cewa zargin maita makami ne da ake sarar mace mai iko da shi. Duk da haka ta zaɓi ta gaskata zargin, ta yi masa ado ya zama abin alfahari. Jacquetta ta tsaya gaban majalisa ta kare kanta ta yi nasara, sai ga mai ƙaunarta bayan shekara 500 ta ce ashe Thomas Wake bai yi ƙarya ba.

Sihirin yana da wani aiki a tsarin jerin littattafan wanda ya fi wannan illa. Bayan ɓacewar 'ya'yan Edward biyu maza a Hasumiyar Landan a 1483, Elizabeth da 'yarta sun la'anci wanda ya kashe su, cewa ɗansa zai mutu da ƙuruciya, jikansa ma haka, zuriyarsa ta ƙare a kan mace. Mai karatun da ya san tarihi ya san Yarima Arthur ya mutu a 1502, Edward na Shida ya mutu yana saurayi, gidan Tudor kuma ya ƙare a kan Elizabeth. Ta haka la'anar ta zama shaida, abin da ya auku daga baya ya zama hukunci a kan gidan Tudor, musamman a kan Margaret Beaufort mahaifiyar Henry na Bakwai. Dabara ce mai kyau ta fuskar zubi, domin ta ɗaure littattafai da yawa da igiya ɗaya. Ta fuskar tarihi kuwa babu wata takarda ta zamanin da ta ɗora wa Margaret wannan kisa. Abin da ake da shi wata magana ce ta George Buck, mai kare Richard, wanda ya yi rubutu a farkon ƙarni na 17.

Margaret ta tarihi ta haifi Henry a watan Janairu na 1457 tana da shekara 13, mijinta ya riga ya rasu, ba ta kuma sake haihuwa ba. Ta kafa Kwalejin Christ's a Kambirij a 1505, aka kafa ta St John's da dukiyarta a 1511 bayan rasuwarta, ta ɗauki nauyin masu ɗab'i na farko a Ingila, ta kuma yi fassara daga Faransanci. The Red Queen ya nuna wahalar haihuwar da tausayi ƙwarai, wannan babi yana cikin mafi kyawun abin da Gregory ta rubuta. Amma daga nan sai yarinyar ta zama mace mai tsattsauran ra'ayi wadda take jin duk abin da zuciyarta ta so umarnin Allah ne. Masu karatu da yawa sukan ce sun tsani wannan tauraruwa, kuma abin da ya kamata a lura da shi shi ne tsanar ba ta tsaya a kan tauraruwar littafi ba, takan bi matar ta gaske.

Idan aka ƙara da The Constant Princess na 2005, inda Catherine ta Aragon ta yi ƙarya a kan cewa aurenta da Arthur bai kai ga saduwa ba, abin da ta rantse a kai har ta mutu a 1536, da The White Princess inda Elizabeth ta York take farkar baffanta Richard, za a ga hanya ɗaya ce ake bi. Duk inda tarihi ya bar zargi da musu a kan mace, marubuciyar takan ɗauki zargin, wani lokaci ta nema masa uzuri, wani lokaci ta bar shi tsirara. Ba na jin ƙiyayya ce ta kawo haka. Zargi ya fi barranta daɗin bayarwa, kuma mai ba da labari da bakinta tana bukatar abokiyar gaba, wadda a ɗakin mata ba za ta zama kowa ba sai wata mace.

Inda ƙagawa ta yi amfani

Kada a ɗauka cewa ba ta iya wata hanyar ba. The Boleyn Inheritance na 2006, wanda a ganina shi ne mafi ingancin ayyukanta, mata uku ne suke karɓa-karɓar labari, Anne ta Cleves da Katherine Howard da Jane Boleyn, saboda haka babu murya ɗaya da ta mallake gaskiya. Tarihi ya tabbatar cewa a ranar farko ta shekarar 1540 Henry ya je Rochester cikin ɓad-da-kama don ya ba amaryarsa Anne ta Cleves mamaki, ita kuwa ba ta gane shi ba, ba ta kuma kula shi ba. Daga nan ya ce ba ta yi masa ba, aka raba auren cikin wata shida, aka bar wa baya labarin cewa mummuna ce. Gregory ta juya al'amarin, ta nuna cewa a fuskar baƙuwar yarinyar nan ne sarki ya fara ganin kansa yadda yake, tsoho mai ƙiba mai gyambo a ƙafa, abin da fadawa suka yi shekaru suna ɓoye masa. Babu takardar da ta faɗi haka, ƙagawa ce tsantsa, amma ta dace da duk abin da aka sani, ta kuma sauke wa matacciya wani nauyi da aka ɗora mata. Sai dai ko a nan Jane Boleyn ta fito a matsayin wadda ta ba da shaida a kan mijinta George, abin da Julia Fox ta nuna a 2007 cewa hujjarsa ba ta da ƙarfi.

Saura batun bayanin da marubuciyar takan sa a ƙarshen littafi tare da jerin littattafan da ta duba. Masu yabo sukan kafa hujja da shi su ce ta yi bincike, kuma lalle ta yi. Ta ma rubuta tarihi zalla, The Women of the Cousins' War a 2011 tare da David Baldwin da Michael Jones, da Normal Women a 2023. Amma wannan jeri shi ne yake sa mai karatu ya saki jiki, ya ɗauka abin da ya karanta ya bi ta hannun masana. Da labari ne kawai, kamar yadda masu kare ta suke cewa, da ba a bukaci jerin ba. Hilary Mantel, wadda ta ba da labarin faɗuwar Anne ta idon Cromwell a Bring Up the Bodies na 2012, ta bar tambayar laifin Anne a buɗe, ta kuma bayyana a nata bayanin cewa shawara take miƙa wa mai karatu, ba ta da'awar cewa nata ne tabbatacce. Ita ma an soke ta a kan yadda ta siffanta Thomas More, amma ba ta ari rigar masanin tarihi ba.

Ga malamin da yake son koyar da ƙagaggen labarin tarihi, babin ɓarin Anne a littafin Gregory ya isa darasi guda, in an ajiye shi kusa da maganar Sander da wasiƙun Chapuys. Jakadan nan bai taɓa yarda cewa Anne sarauniya ce ba, farka yake kiranta a wasiƙunsa. Duk da haka, da ya zo ba ubangidansa labarin shari'ar watan Mayu na 1536, ya rubuta cewa an yanke wa mutanen hukunci ne bisa zato ba tare da ingantacciyar shaida ba, kuma George Boleyn ya kare kansa da kyau har waɗansu daga cikin mahalarta suka yi caca goma bisa ɗaya cewa za a sake shi.